Hasbiya Ta Kai Ɗanta Gajimare

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso.
Ta zo mu ji ta.

Wata shekara aka yi fari, ƙishirwa ta kama ɗan Hasbiya har ya daina kuka. Ga gajimare kuwa can saman dutse.

Ungulu ta ce, "Ƙawata, da rana tsaka iskar dutsen nan takan ɗau zafi ta tashi sama. Buɗe fukafukanki kawai, ta kai ku ruwa."

Hasbiya ta ce a ranta, kusa da rana ai wuta ce. Sai ta fige gashin ɗan tas, ta goya shi.

Tsohuwar Shamuwa ta ce, "Ke, lulluɓe shi. Iska in ta hau sama hucewa take yi. Sanyin nan ne ke tara tururinta ya zama gajimare."

"Inna, zafi muke gudu," in ji Hasbiya, ta tashi.

Suna hawa yana rawar ɗari, tana ba shi haƙuri. Can sai ya yi shiru. Da suka shiga gajimare, ruwa ya taru a bakinsa. Ta ce, "Sha mana, ɗana." Bai sha ba.

Ungulu na ƙarƙashinsu tana shawagi, tana jira.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, nan ta tsaya.