Gwajin da Aka Rufe wa Baki

Akwai wani mutum, sana'arsa rubuta manhaja, wato umarnin da ake tsara wa kwamfuta da waya su bi. Ya iya aikinsa, wannan ba a musu. Shago ɗaya suke zama da abokin aikinsa Irimiya, tebur yana kallon tebur.

A ikkilisiyarsu, zumuntar mata suka haɗa ƙarfi suka sayi injin ƙyanƙyasar ƙwai, suka kafa shi a wani ɗaki bayan majami'a. Shi ƙwai ɗumi yake so ba yankewa. In wuta ta ɗauke, sai a ta da janareta da hanzari, in ba haka ba 'yan tsakin su mutu a cikin ɓawo. Sai mutumin nan ya rubuta musu manhaja wadda take jin ɗumin injin. Da zarar ya fara sauka, sai ta aika saƙo a waya, wayar ta yi kuka. Aka danƙa wayar a hannun wata dattijuwa, Afiniki, mai suyar ƙosai a bakin titi, gama gidanta ne mafi kusa. Ta ƙulle ta a bakin zaninta, ba ta rabuwa da ita. Aka yi ƙyanƙyasa ta fari lafiya, aka yi ta biyu lafiya.

Ana nan sai wata sabuwar hanyar aika saƙo ta fito a cikin sana'ar, kowa yana yabonta. Tsohuwar hanyar saƙon waya ce kawai, irin wanda ake tura wa mutum a ce masa ina kwana. Sabuwar kuwa ta intanet take bi, tana kawo hoto da launi, har ka ga ɗumin injin yana hawa yana sauka a zane. Wata rana waɗansu 'yan sana'ar suka leƙo shagon, ɗayansu ya ga aikin mutumin, ya yi dariya ya ce, “Har yanzu da wannan kake aiki? Ai ko kakata ta bar shi.”

Maganar ta zauna masa a ciki. Ba wanda ya kawo ƙarar tsohuwar hanyar, ba ta taɓa kasawa ba. Kunyar 'yan'uwansa ce kawai ta sa ya tumɓuke ta, ya dasa sabuwar, tun bai gama koyonta ba. Ya kuma aika wa mata cewa ranar taronsu zai nuna musu abin mamaki.

To, masu wannan sana'a suna da wata al'ada mai kyau. Kafin su miƙa wa mutane aikin da suka gama, sukan rubuta 'yan gwaje-gwaje, kowane gwaji da tambayar da yake yi wa manhajar. In ta amsa daidai, gwajin ya nuna kore. In ta kasa, ya nuna ja. Dokarsu kuwa, ba a fitar da aiki sai duk sun zama kore.

Mutumin ya kunna gwaje-gwajensa. Duka suka yi kore, sai guda ɗaya. Tambayar wannan gudan ita ce, “In wuta ta ɗauke, akwatin intanet ya mutu tare da ita, saƙo zai fita?” Amsa kuwa, ba zai fita ba.

Ya juya nan, ya juya can, ja yana nan. Irimiya yana zaune a gabansa, ya kuwa san sabuwar hanyar fiye da shi. Amma mutumin ya riga ya cika baki a shagon, ta yaya zai ce a koya masa? Ga taron mata ya matso. Sai ya rubuta layi ɗaya tak a bisa gwajin, ya umarci kwamfuta ta riƙa tsallake shi. Ya sāke kunnawa. Kore daga sama har ƙasa.

Irimiya ya ɗago kai ya ce, “Kai, ɗazu na hango wani ja a kwamfutarka kamar idon mai barasa. Ina ya shiga?”

Ya ce, “Na gama da shi.”

“Ka gyara shi, ko ka shaƙe shi?”

“Malam, ka ji da teburinka. Na taɓa leƙa naka?”

Irimiya ya ce, “Allah ya ba ka haƙuri, babban injiniya.” Ya koma kan aikinsa.

Ranar taro mutumin ya nuna wa mata hoto da launi, suka yi ta guɗa. Afiniki kaɗai ta juya wayar a hannunta ta ce, “Ɗana, ni hoto bai dame ni ba, idona ma ba ya gani sosai. Za ta yi kuka dai?”

Ya ce, “Za ta yi, Mama, har maƙwabta su ji.”

A zuciyarsa ya ce gobe zai gyara. Gobe ta zo da nata aikin. Kowace safiya yakan kunna gwaje-gwajen ya ga kore, har shi kansa ya fara gaskata koren, ya manta cewa da hannunsa ya shirya shi.

Ana saura kwanaki kaɗan 'yan tsaki su fito, sai aka tashi da ruwan sama da sanyi, wuta ta ɗauke tun da hantsi. Afiniki tana rumfarta a gaban kasko, ba ƙwan lantarki a wurin, ba fanka, ba abin da zai gaya mata. Wayar tana ƙulle a zaninta, shiru. Da la'asar ta je ƙara wa injin ruwa kamar yadda ta saba, ta sa hannu ta ji shi sanyi ƙalau. Ta ta da janareta tana kuka, amma lokaci ya wuce. Aka jira ranar ƙyanƙyasa, ba ko ɗaya da ya fasa ɓawo.

Mata suka taru a ɗakin, wari ya cika shi. Shugabarsu, Mama Briskila, mace ce da ba ta tauna magana. Ta ce, “Afiniki, amana muka ba ki. Akwai waɗanda suka sayar da kajinsu suka sa a cikin ƙwan nan. Ina kika ajiye wayar?”

Afiniki ta ce, “Ga ta a jikina, Mama. Ba ta yi kuka ba.”

Wata daga baya ta ce, “Ba ta yi ba, ko kina can kina ciniki?”

Wata ta ce, “Ƙarar mai a kasko ma ta ishe ta.”

Mama Briskila ta aika aka kira mutumin. Ta ce, “Ɗanmu, kai ne masani. Duba mana, laifin na'ura ne ko na mutum?”

Ya buɗe kwamfutarsa. Ya kunna gwaje-gwajen a gabansu, gama ya taɓa koya musu abin da launin yake nufi. Kore daga sama har ƙasa.

Mama Briskila ta ce, “To, kun gani da idonku.”

Mutumin ya sa ido a kan koren, ya bar shi yana ba da shaidar zur a madadinsa.

Sai Afiniki ta kwance bakin zaninta, ta ajiye wayar a kan benci. Ta dafa bango, ta durƙusa a hankali, gama gwiwoyinta sun tsufa. Ta ce, “'Yan'uwa, ku gafarta mini. Tun da na'ura ba ta yi kuskure ba, ni ce. Watakila kunnena ya mutu ban sani ba.” Ta juyo wajen mutumin ta ce, “Kai ma, ɗana, ka gafarta mini. Na ɓata maka aikinka mai kyau.”

Wannan maganar ce ta karya shi. Ya ji kamar an tuɓe shi a tsakiyar kasuwa. Ya ce, “Mama, tashi. Don Allah ki tashi.” Ya share layin nan guda ɗaya, ya sāke kunnawa, ya juya musu kwamfutar. Ga ja a tsakiyar kore.

Ya ce, “Wannan jan yana nan tun kafin in kawo muku. Shi ne mai faɗin cewa in wuta ta ɗauke saƙo ba zai fita ba. Ni na rufe masa baki.”

Afiniki, tana durƙushe har yanzu, ta ce, “Ran da ka ce mini za ta yi kuka, ka sani?”

Ya ce, “Na sani, Mama.”

Ba ta zage shi ba. Ta miƙe, ta kakkaɓe zaninta, ta fita. Mama Briskila ta bi ta da kallo, sa'an nan ta sunkuyar da kai don kunya, haka matan da suka yi mata gori. Sai Mama Briskila ta ce wa mutumin, “Ka kashe mana ƙwai, ka kuma sa muka ci mutuncin 'yar'uwarmu. Ga daro can. Kwashe ka kai rami.”

Ya kwashe ruɓaɓɓen ƙwan, ya ɗora daron a kai, ya ratsa filin majami'a da rana tsaka kowa yana kallo. Daga rami bai wuce gida ba. Ya koma shago ya tsaya a gaban teburin Irimiya ya ce, “Ban iya ba. Koya mini.” Suka mai da tsohuwar hanyar a ƙarƙashin sabuwar, don in intanet ya mutu ita ta aika saƙo, har gwajin ya yi kore don kansa.

Ma'anar wannan misali ita ce, jan gwajin nan lamirinka ne, wanda Ubangiji ya sa a cikinka ya riƙa yi maka tambayar da ba ka so. Layin da mutumin ya rubuta, shi ne 'yar maganar da kake yi wa kanka, “ba kome,” “kowa yana yi,” “gobe zan gyara.” Koren kuwa fuskar da kake zuwa da ita sujada ce, a wanke, a shafe da mai.

Ku lura da kyau. Jan ba shi ne ya kashe ƙwai ba. Shi kaɗai ne a cikin kwamfutar nan yake ƙoƙarin ceton su. Mutumin kuma bai fara da ƙarya ba, da kunya ya fara, kunyar banza. Ya ji kunyar tsohon abu mai aiki don wani ya yi dariya. Ya ji kunyar cewa ban iya ba ga mutumin da yake zaune a gabansa. Ya guje wa ƙaramar kunya a shago, babbar ta same shi a gaban ikkilisiya da daro a kai.

Ku matasa masu aikin kwamfuta, da ku nake, kada ku waiwaya baya. Sabon abu ba zunubi ba ne. Amma in ba ka gama koyonsa ba, kada ka ɗora abincin mutane a kai. Ku iyaye kuma kada ku gyaɗa kai kamar ba ku a ciki. Mai ɗinki ta san inda ta ɓoye yagar yadi. Mai gini ya san bangon da ya shafe da siminti don kada a ga tsaga. Mu masu zaman shari'a a zumunta, sau nawa muka ga kore muka yanke hukunci, muka ƙi jin mace da take cewa ba ta yi ba?

Abin da ya kamata ya hana ku sukuni shi ne wannan. Lamirin da ka rufe wa baki, ba kai ne za ka fara biyan kuɗinsa ba. Wani ne zai durƙusa a wurinka yana roƙon gafarar laifinka.

Afiniki ta gafarta masa, ta kuma karɓi wayar. Amma duk lokacin da za a zuba sabon ƙwai, takan kira shi ta ce, “Ɗana, rufe kwamfutar nan, ba na son ganin launi. Je ka kashe wutar in ji.” Shi kuwa yakan je ya kashe, ya tsaya kansa a sunkuye, har wayar ta yi kuka a bakin zaninta.

Kowa ya san nasa jan. In kun koma gida yau, ku buɗe masa baki, tun wani bai durƙusa ba.