Mati Mai Maganin Ido

An yi wani mutum a wani gari, can zamanin baya, wani bawan Allah ana ce masa Mati. Ba malami ba ne, ba attajiri ba. Abin da ya gada wurin mahaifinsa shi ne wani garin magani da ake jiƙawa a ɗiga a ido. Da shi yake ciyar da iyalinsa. Yaro ya tashi da jan ido, a kai wa Mati. Ido na kwantsa, a kai wa Mati.

To, ku saurara. Wata shekara ƙyanda ta shigo garin, ta kwantar da yara gida-gida. Kun san halinta: zazzaɓi, ƙuraje, ido ya yi jawur, yaro ya ƙi buɗewa. Iyaye mata suka yi ta zuwa da goyo. Mati na ɗiga magani, yara na tsala ihu, yana cewa, "Ku riƙe shi, zafin nan shi ne aikin." Haka ya ji mahaifinsa na faɗa.

Da cutar ta lafa, sai Sallau maƙeri ya zo da 'yarsa Tabawa, mai shekara huɗu. Ya ce, "Mati, duba min yarinyar nan. Da rana tsaka take karo da turmi."

Mati ya buɗe idon. Baƙin ya koma fari fat, duka biyun.

Ya zaga gari yana duba yara. Waɗanda ya ɗiga wa magani, yawancinsu da farin tabo. 'Yan ƙalilan da aka kai asibitin birni kuwa, idonsu garau. Ya ɗauki garin maganin, ya taka har asibitin. Likita ya saurare shi, ya ce, "Baba, ƙyanda na raunana ido, wannan garin kuma ya ƙone abin da ya rage."

Mati ya ce, "Wanda ya yi fari fa?"

Likita ya ce, "A kawo su mu gani. Amma wasu ya riga ya wuce."

Da ya dawo ya gaya wa matarsa Kande, ta ce, "Maigida, ba wanda ya sani. Kowa cewa yake ƙyanda ce. Ka daina bayarwa kawai, ka rufa mana asiri."

Ya ce, "Kande, na ba mutane ƙulli-ƙulli sun ajiye a ɗakunansu. In na yi shiru, gobe ma za su ɗiga."

Jama'a, ba wanda ya tuhume shi. Ba wanda ya tuhume shi! Amma ranar Juma'a, ana idar da salla, ya miƙe ya ce, "Maganina ne ya lalata idon 'ya'yanku. Ban sani ba, yanzu na sani. Duk mai saura ya zubar, a kai yaran asibiti."

Sallau ya keto sahu ya kwaɗa masa mari har ya faɗi. Mati bai ɗaga hannu ba. Washegari ya bi gida-gida yana karɓar ƙullin. Wasu su jefo masa ta kan katanga, wasu su bi shi da zagi. Ya koma saran itace. Ya goya yara uku zuwa birni da kansa, biyu suka sami sauƙi. Tabawa ba ta ƙara gani ba, Sallau kuma bai ƙara amsa sallamarsa ba. Ranar da Mati ya rasu, waɗanda suka raka shi ba su cika sahu ɗaya ba.

Ya 'yan'uwa, gaskiyar da ta fi nauyi ita ce wadda mutum zai faɗa a kan kansa, alhali in ya yi shiru ba mai kama shi. Wane ne a cikinmu zai iya?

Sannan idon yaro amana ce. Kada ku zuba masa ruwan sikari ko garin da ba ku san asalinsa ba. Ku kai su rigakafin ƙyanda. Yaron da ke kanne ido a gaban allo, ko yake dundumi, ko kuka ga fari a ƙwayar idonsa, ku kai shi a duba tun da wuri. Allah zai tambaye mu. Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya ko da a kanmu ne.