Kare da Kogin Garinsu

An yi wani Jaki a garin Tudun Ƙaya, mai haƙuri, sana'arsa jan amalanke. Yana da maƙwabci Kare, wanda duk abin da aka nuna masa sai ya ce ya ga wanda ya fi shi. Ko jinjirin wata aka nuna masa, zai ce na bara ya fi haske.

Wata rana ƙanwar Jaki ta haihu a ƙetaren kogi. Ya ɗora buhun gero biyu a amalanke zai kai mata na kunun suna. Bai gama ɗaure igiya ba sai ga Kare ya ɗare kan buhu ya miƙe ƙafa.

"Yaya Jaki, da ni za a yi tafiyar nan. Shekara guda ke nan ina mafarkin ganin Ruwan Gangare, wanda ke zubowa daga kan dutse a ƙetaren kogi."

"To, ka ji sharaɗi," in ji Jaki. "Jirgin fito na ƙarshe da la'asar yake tashi. In muka rasa shi, ni na rasa suna, kai ka rasa Ruwan Gangare. Ban da tsaye-tsaye, ban da surutu."

"Ni? Yaushe ka taɓa jin bakina?"

Jaki ya ja amalanke kawai, don in ya fara kawo misali rana za ta faɗi suna ƙofar gida.

Da hantsi suka iso wani ƙauye mai ƙatuwar kuka a bakin hanya. Kare ya ce lallai sai an tsaya. Wani tsohon Kunkuru da ke zaune a gindinta ya yi musu maraba, ya kawo ruwa a ƙwarya, sannan ya kai su ya nuna musu kogonta.

"Kakana a nan ya ganta," in ji shi. "In ruwan sama ya sauko, awaki goma na fakewa a ciki."

To, kowa ya san abin da baƙo ke faɗi in an nuna masa abin alfaharin gari. Kalma ɗaya ce, ba ta da nauyi. Jaki ya ɗaga kai ya ce, "Tubarkalla, Baba."

Kare ko ɗaga ido bai yi ba. "Wannan ce kukar? Ai a garinmu akwai wadda in ka fara zagaya ta da safe, sai azahar za ka dawo inda ka tashi."

Kunkuru ya mayar da kansa cikin ƙoƙonsa.

Da suka hau hanya Jaki ya ce, "Wace kuka ce a garinmu? Ban da aduwar nan da ta karkace a bayan kasuwa, me muke da shi?"

"Kai dai ja amalanke. In ba ka ɗaga garinku ba, wa zai ɗaga maka?"

Da azahar suka iso gindin wani dutse. Biri mai gadin wurin ya ce duk wanda ya hau zai hango ƙauyuka bakwai da kogi yana walƙiya. Kare ya kafe sai ya hau. Jaki ya tsaya a ƙasa, rana na dukansa, ƙudaje na bin kunnensa, yana kallon inuwa tana tsawo.

Ka san abin da Kare ya yi da ya kai ƙololuwa? Ya juya wa ƙauyukan bakwai baya, ya zauna yana ba Biri labarin dutsen garinsu, wanda wai shaho sai ya huta sau uku kafin ya kai samansa. Sai da Jaki ya yi kuka har muryarsa ta dishe kafin ya sauko.

"Me ka hango?" in ji Jaki.

"Ba wani abin kirki."

"Ka ma duba kuwa?"

Kare ya yi hamma. Ran Jaki ya ɓaci ƙwarai, amma ba lokacin faɗa. Ya sunkuyar da kai ya ja amalanke da gudu, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

Da ƙyar suka cim ma jirgin. Dorina mai fito tana tsaye cikin ruwa tana riƙe da shi, fasinja sun kusa cika. Jaki ya kwance amalanke ya jingine ta a gindin wata bishiya, aka loda buhunansa, ya shiga.

"Sannunku da hanya, baƙi," in ji Dorina. "Kun zo a sa'a. Ku dubi yadda koginmu ya cika bana. Daga wannan sahu, sai bayan kwana uku in ruwa ya ja."

"Tubarkalla, Inna," in ji Jaki, yana harar Kare.

Harara ba ta yi aiki ba. Kare ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Wannan kuke kira kogi? Na garinmu ya ninka shi sau biyar. Kullum da safe nake ƙetare shi da iyo in dawo kafin in karya kumallo."

Dorina ta dube shi, ta girgiza kunne. Daidai lokacin sai ga wata tsohuwar Tunkiya ta iso tana ɗingishi, ga wurin zama guda ɗaya tak ya rage.

"Alhamdulillahi, an samu mafita," in ji Dorina. "Goggo, shigo ki zauna. Wannan bawan Allah ba ya bukatar jirgi. Ba zan wulaƙanta gwanin iyo irinsa in sa shi cikin katako ba."

Fasinja duk suka zuba wa Kare ido.

Jaki ya miƙo wuya ya yi masa raɗa. "Kare, ka ce wasa kake yi. Ka ce tubarkalla, ka ba ta haƙuri. Zan ɗauke ka a bayana, ba sai an ba ka wuri ba."

Kare ya dubi kogin, ya ga faɗinsa da ƙarfin ruwansa. Ya dubi jama'a, ya ga za a yi masa dariya. Sai ya ɗaga wutsiya ya ce, "Ku je, zan riga ku isa."

Dorina ta tura jirgi. Kare ya faɗa ruwa. Taku uku ƙasa ta ƙare a ƙarƙashin ƙafarsa, igiyar ruwa ta ɗauke shi tana juya shi kamar busasshen kara. Ya sha ruwa har ya ƙoshi. Allah ya taimake shi ya cafki wani reshe da haƙori, ya rarrafo ya fito a gaɓar da ya baro, laka har cikin kunne.

Kwana uku ya yi a gindin amalanke yana atishawa. In iska ta kaɗo daga ƙetare, sai ya jiyo rugugin Ruwan Gangare, kusa kamar ya miƙa ƙafa ya taɓa. Abin ya yi masa ciwo har ya yi hawaye.

Da Jaki ya dawo daga suna, bai yi masa gori ba. A hanyarsu ta komawa gida Biri ya leƙo daga kan dutse ya ce, "Yaya ka ga Ruwan Gangare?" Kare ya ce, "Na ji ƙararsa." Kunkuru ma ya yi tambayar, ya sami amsa iri ɗaya.

A bakin Tudun Ƙaya akwai wani kududdufi, inda agwagi ke tafiya ruwa bai kai musu ciki ba. Nan Jaki ya tsayar da amalanke.

"Mun iso kogin garinmu," in ji shi. "Sauka ka yi iyon naka, ina jiranka."

Kare ya daɗe yana kallon ruwan. Can ya ce a hankali, "Tubarkalla."

Darasin wannan labari shi ne, in ka je garin mutane suka nuna maka abin da suke ƙauna, ka buɗe ido ka duba, ka yaba. Mai raina na wasu don ya ɗaga kansa yakan yi doguwar tafiya ya dawo bai ga komai ba, kuma wata rana za a ce ya aikata abin da bakinsa ya faɗa.