Allon Bakin Karyayyar Gada

Akwai wani mutum a wani ƙauye, mai sana'ar rubuta alluna. Allah ya ba shi hannu. Haruffansa ba sa tsayawa cak kamar na kowa: wannan ya karkata, wancan ya yi tsalle, wani ya fitar da jela ta nannaɗe kamar yaɗon kabewa. Shi ya rubuta allon mai shayi da na mai aski, in ana biki kuwa shi ake nema. Yabo ya shiga kansa, har ya fara ganin rubutu miƙaƙƙe aikin 'yan aji ɗaya ne.

Wata damina ruwa ya cinye gadar da ke ƙarshen gangare, bayan wata kwana. Mai unguwa ya zo ya ce masa, "Malam, ka rubuta mana: TSAYA, GADA TA KARYE. Ka yi shi ɓaro-ɓaro, don Allah."

Ya ce, "Ranka ya daɗe, bar ni da aikina."

Ya zauna ya zuba gwaninta. Ja, kore, ruwan ɗorawa, ga furanni, har da tsuntsu a kan harafin farko. Aka kafa allon kafin kwanar.

To, matarsa ta tafi jinyar mahaifiyarta tun kafin gadar ta karye, kuma washegari za ta dawo a motar kasuwa. Da gari ya waye ya je gindin allon yana jiranta, ko da yake gaskiyar magana, yabo ya je saurare. Sai ga wani mai babur a guje. Ya kalli allon, ya yi murmushi, ya wuce abinsa. Da ƙyar ihun manoma ya tsayar da shi, tayarsa ta gaba tana bakin rami.

Mai babur ya dawo gindin allon. Ya ce, "Na ga allon mana! Na ɗauka tallar biki ce. Wa zai iya harhaɗa wannan yana gudu?"

Mai rubutu ya tuna da motar kasuwa. Babur ne ya tsaya da ƙyar, ina ga mota shaƙe da mutane da buhuna a kan gangare? Can kuma ya jiyo kukan inji daga saman tudu. In ya ɗaga hannu, direba zai ɗauka fasinja ne, cikakkiyar mota kuwa ba ta tsayawa. Tsoro ya kama shi ƙwarai. Ya tumɓuke allon, ya juyo bayan allon, ya wawuri gawayi a murhun wata mai gasa masara, ko zafinsa bai ji ba. Ya rubuta TSAYA, manya-manya, baƙi wuluk. Ya ɗaga shi sama a tsakiyar hanya.

Direba ya taka burki, motar ta yi ta jan ƙasa kafin ta tsaya. Matar mai rubutu ta sauko, ta dubi allon, ta ce, "Maigida, tunda na aure ka ban taɓa ganin ka yi rubutu mai muni haka ba." Sai hawaye suka zubo masa.

Ma'anar wannan misali ita ce: rubutu mai ado ba zunubi ba ne, baiwa ce daga Ubangiji, tana da wurinta. Haka wasa da zolaya da daddaɗar magana. Ku kai su biki, ku kai su hira. Amma abin da ke hana ni sukuni, 'yan'uwa, shi ne mukan ga ɗanmu ko abokinmu ya doshi hallaka, sai mu naɗe gargaɗin cikin raha don kada a ga baƙinmu. Ya yi murmushi, ya wuce, mu ce ai mun faɗa masa. Ba mu faɗa ba.

Akwai wanda ya faɗo maka a rai tun ina magana. Yana kan gangare. Ka je yau ka ce masa ya tsaya, ko da maganar za ta fito da muni.