Masu Iko da Ran Habila

Ku gyara zama, tun da an tashi sujada kuma rana ba ta yi zafi ba tukuna. Ga wata magana nan zan ajiye a gabanku. Ba ta dariya ba ce, kuma nawa faɗa ne kawai, yanke hukunci naku ne.

A wani gari da ake kira Tudun Marke akwai wata ikkilisiya ta manoma da masunta, ba babba ba. Majami'arsu ginin jar ƙasa ce da rufin kwano. A ƙetaren kogi, inda ake hango hayaƙin girkinsu in gari ya yi sarari, akwai wani ƙauye mai suna Kurmin Zabi, mutanensa suna kan al'adar kakanninsu. Wata shekara dattawan ikkilisiya suka yi shawara su aika musu da mai bishara. Aka zaɓi wani mutum mai suna Habila, aka ɗora masa hannu aka yi addu'a, ya ƙetare shi da matarsa Afiniki.

Habila ba mai yawan magana ba ne. Ya shekara biyu a can bai sami ko mutum goma masu zama jin wa'azi ba, amma yana fita gayya tare da su, yana zuwa gaisuwar mutuwa, yana cin abin da aka ba shi. Da ya ga wahalar da mata ke sha wajen neman ruwa da rani, sai ya tara maza suka haƙa rijiya a gangaren gari. Kowa ya sa masa albarka.

A damina ta uku aka yi ruwan da tsofaffi suka ce ba su taɓa ganin irinsa ba. Ruwa ya kwaso ƙazantar bayan gari ya zuba a rijiyar, ba wanda ya lura. Kafin mako ya zagayo, amai da gudawa ya shiga Kurmin Zabi gida gida. Afiniki tana cikin waɗanda suka fara mutuwa, Habila ne ya haƙa kabarinta da hannunsa. Wannan bai wanke shi ba. Mutane suka duba suka ga duk gidan da aka yi rashi a rijiyar baƙo suke ɗiban ruwa, sai magana ta tashi cewa ya zuba wani abu a ciki, kuma wanda ya iya ba da matarsa ba abin da ba zai bayar ba. Kada ku yi saurin zaginsu. Mutumin da ya binne 'ya'ya biyu a yini ɗaya ba ya tunani irin naku na yanzu da kuke zaune a inuwa. Suka kama Habila suka yi masa duka har ƙafarsa ta karye, suka ɗaure shi a zauren mai unguwa. Aka tsai da magana cewa ran Litinin za a jefa shi cikin rijiyarsa a cike ta da ƙasa. A lokacin shi ma cutar ta riga ta kama shi.

Wani masunci na can ƙetare, wanda abin bai kwanta masa ba, ya hau kan dutse a bakin kogi ya yi ta ƙwala kira har aka ji shi. Labari ya iso majami'a ran Lahadi da safe ana tsakiyar waƙa. Waƙa ta mutu a bakin mutane. Fasto ya tambayi wanda zai je, kowa ya sunkuyar da kai, don kogi ya cika ya tumbatsa, yana tafe da itatuwa da gawar awaki, kuma ko an ƙetare ba wanda mutanen can za su saurara.

Ta farko da ta miƙe ita ce Damaris, uwar zumuntar mata. Tsohuwa ce, gwauruwa, ita ke ba da waƙa mata na amsawa ana buga tulu. Haifaffiyar Kurmin Zabi ce, can Delu ake ce mata, kuma mai unguwa Nomau wanta ne uwa ɗaya uba ɗaya. Tun ranar da aka yi mata baftisma, shekara talatin da suka wuce, bai ƙara sa ta a ido ba. Da aka ƙetare da ita ta tarar da maza cike da ƙofar zaure. Ta durƙusa gaban wanta ta gaishe shi, ta yi masa ta'aziyyar jikokinsa uku, sannan ta roƙi ran baƙon. Nomau shi kansa ba ya son jinin mutum a garinsa, amma ya san in ya saki Habila hannu banza mutane za su kashe shi kafin ya kai bakin ruwa. Daga bisani ya ce:

"Delu, mutanen nan sun ɗauke mana ke shekara talatin. In za mu ba su nasu, su bar mana namu. Ki zauna a gidan ubanki har mutuwa. Ba ke ba ƙetare kogin nan, ba ke ba majami'a, ba ke ba tara mutane da sunan addu'a. In kin yarda, ki faɗa kowa ya ji."

Damaris ta dubi Habila kwance a ƙasa, ƙudaje na bin bakinsa. Ta ce, "Na yarda, Yaya." Ta maimaita da ƙarfi don na baya su ji. Ta kwance ɗankwalin zumunta daga kanta ta miƙa a mayar wa mata, aka kwance igiya daga hannun Habila. Ba don ita ba, da ba a sake shi ba.

Na biyu shi ne Kefas, mai fito. Shi da ƙanensa Sila suke da kwale-kwale ɗaya, tare suka tashi a bakin kogin nan, tare suke zama a benci ɗaya a majami'a. Sauran masu fito duk sun ja jiragensu tudu sun ce ba za su gwada Allah ba. Kefas ya ce zai je, Sila kuma ya ce wansa ba zai shiga ruwan nan shi kaɗai ba. Su suka ƙetare da Damaris, su kuma suka ɗauko Habila a kan ƙyauren ɗaki suka shimfiɗa shi cikin jirgi. Sun wuce tsakiyar ruwa, har suna ganin fuskokin 'yan ikkilisiya da ke jira a gaɓa, sai wani ƙaton kututture ya taho ta ƙarƙashin ruwa ya doki jirgin ya kifar da shi. Kefas ya cafko wuyan rigar Habila da hannun dama, hannun hagu kuma ya kama hannun Sila. Ruwa ya ja su ukun ya nufi wata ɗorawa da ta faɗa kogi saiwoyinta na waje. Kefas ya ga in bai kama saiwar nan ba duk sun tafi, ga shi hannu biyu Allah ya ba shi. Habila ba ya ko iya ɗaga kai. Sila kuwa ya fi kowa iya iyo a Tudun Marke. Sai ya saki Sila ya kama saiwa.

Bai san cewa kututturen ya bugi Sila a ƙirji ba. Ya ji Sila ya kira shi "Yaya" sau ɗaya, ya ga hannunsa a sama, shi ke nan. Mutane suka jefa igiya suka jawo Kefas da Habila. Gawar Sila sai bayan kwana uku aka same ta can ƙasa cikin ciyawa. Ya bar mata da 'ya'ya huɗu. Mahaifiyar Kefas da Sila tana da rai, kuma tun ranar da Kefas ya faɗa mata gaskiyar yadda abin ya faru, don bai ɓoye ba, in ya gaishe ta sai ta juya fuska ga bango. Ba don shi ba, da Habila bai iso gaɓa ba.

Ta uku ita ce Briskila, mai aiki a ɗakin shan magani na ikkilisiya. Malamin asibitin da ke samanta ya tafi birni, gada ta karye a bayansa, ita kaɗai ta rage da ta iya neman jijiya ta sa wa mutum ƙarin ruwa. Briskila ta shekara tara da aure ba haihuwa. Zumuntar mata sun yi azumi saboda ita ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kuma a wannan damina tana da ciki wata bakwai. Da aka kawo Habila, idanunsa sun faɗa, fatarsa in an ja ba ta komawa, mutane suka ja da baya suna toshe hanci. Mijinta Gidiyon ya tare ta a ƙofa ya roƙe ta, har da hawaye, ta nuna wa wani yadda ake yi ta tsaya daga nesa. Aka gwada, jijiyoyin sun shige, mutum biyu suka kasa. Ta ce wa mijinta in ba ta sa hannu ba mutumin nan ba zai kai la'asar ba, kuma ba za ta iya tsayawa tana kallo ba alhali an riga an yi asarar mutum biyu a kansa.

Aka kwantar da shi a ɗakin makarantar Lahadi. Ita ta sa masa ruwa, ita ke ba shi ruwan gishiri da sukari cokali cokali, ita ke kwashe ƙazantarsa, ita ta ɗaure masa ƙafa. A kwana na biyar ya buɗe ido ya nemi kunu. A ranar ce ita kuma cutar ta kayar da ita. Ta rayu, amma cikin bai tsaya ba. Namiji ne, ya zo bai yi kuka ba, aka binne shi a bayan majami'a ba suna. Da hanya ta buɗe aka kai ta birni, likita ya gaya wa Gidiyon kada su ƙara sa rai. Ba don ita ba, da Habila bai tashi ba.

Bayan kaka, Habila ya fara takawa da sanda. Ya zo gaban fasto da dattawa ya ce ransa ba nasa ba ne yanzu, don haka ba zai zaɓar wa kansa inda zai kai shi ba. Ya roƙa a tambayi mutum ukun nan abin da suke so ya yi, shi kuma zai bi.

Saƙon Damaris ya zo ta bakin mata masu zuwa cin kasuwa. Ta ce an cike rijiyar amma mutuwa ba ta tsaya nan take ba, har wasu sun fara cewa an zalunci baƙo, ko da yake waɗanda suka fi yin rashi har yanzu ba sa son jin sunansa. Ta ce in tana daka tana waƙa ƙasa ƙasa, akwai mata biyu uku da ke matsowa suna tambayarta ma'anar abin da take rerawa, ita kuwa ta yi alkawari, bakinta a ɗaure yake, ga tsufa. Ta ce tana so Habila ya dawo ya ƙarasa aikin da aka aike shi, in ba haka ba ta binne kanta da rai a banza. Ba ta yi masa alkawarin cewa ba za a taɓa shi ba.

Kefas ya zo da kansa. Ya ce ba zai ƙara ƙetare da Habila ba, kuma duk mai fiton da ya ɗauke shi ya san ba su ba zumunci. Ya ce, "Malam, ka zauna nan Tudun Marke inda zan riƙa ganinka. Muddin ina ganinka tsaye kana karanta Littafi, na san dalilin da ya sa na buɗe hannuna. Ranar da aka ce ka koma can an kashe ka, ko ka tafi inda ba na ganinka, to ni kisan kai kawai na yi."

Briskila ta ƙi zuwa sai da fasto da matarsa suka je gidanta. Tun da ta tashi daga ciwon ba ta ƙara karɓar Jibin Ubangiji ba, in ta zo sujada a bencin baya take zama, ta fita kafin a sa albarka. Ta ce ba ta tsani Habila ba, kuma ko yau aka sake kawo shi haka za ta yi. Amma duk ranar da ta gan shi ya miƙe a majami'a, sai ta kama kanta tana tunanin da yanzu ɗanta yana goye a bayanta, sai addu'a ta ƙi fita. Ta roƙa a aika shi wani wuri mai nisa, ba Tudun Marke ba, ba kuma Kurmin Zabi da labarinsa zai riƙa zuwa kowace kasuwa ba, ko ta samu ta koma gaban Allah da zuciya ɗaya.

Dattawa suka zauna Lahadi uku a jere bayan sujada. Duk wanda ya buɗe Littafi Mai Tsarki sai ya samo ayar da ta goyi bayan wanda yake so, wani ya buɗe ya samo wata. Aka yi azumi, aka sake zama, magana ba ta haɗu ba. Habila kuwa yana zaune a waje kan dakali da sandarsa a kan cinya, yana jira. Mutum ɗaya ne, ba ya rabuwa uku, kuma duk wanda ya bi a cikinsu, biyu za su ga ya yi watsi da abin da suka rasa dominsa.

To, ku da kuka ji, tsakanin Damaris da Kefas da Briskila, wane ne ya fi cancanta Habila ya bi maganarsa?