Addu'ar Fasto Muzuru

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo, mun kasa kunne.

Muzuru ne ya zo majami'ar kaji wa'azi, ya ce duk mai buɗe ido cikin addu'a ɗan wuta ne. Kowace Lahadi ana cewa amin, sai a nemi ɗan tsako a rasa.

Kaza ta ce, "Fasto, ina autana?"

Ya ce, "Yi murna, 'yar'uwa, an ɗauke shi sama."

Wata Lahadi ana tsakiyar addu'a, sai muryar Fasto ta shaƙe. Kaza ta buɗe ido ɗaya. Ƙafar wani ɗanta ce ke lilo a bakinsa!

Ta kurma ihu: "Wayyo, jama'a, ku buɗe ido! Ashe tumbinsa ne saman!"

Ƙurunƙus, yau kan muzuru, kusu ya huta.