Gurbi Ɗaya a Tudun Ƙirya

Ku ajiye wayoyin nan, ku matso kusa. Ga wata nan tafe gare ku, kuma ba ta dariya ba ce. Mai gyangyaɗi ya tashi tun yanzu, domin in na kai ƙarshe sai kowa ya faɗi nasa.

'Yan mata uku ne suka gama makarantar koyon jinya tare: Kubura, Lantana da Asabe. Ɗaki ɗaya suka kwana, tukunya ɗaya suka ci. Gama makaranta kuwa ba shi ne zama nas ba. Sai an zauna jarrabawar lasisi an ci, kafin nan ko allura mutum ba shi da ikon yi wa kowa da kansa. Ana gobe jarrabawar suka shiga motar haya zuwa birni, kowace da littafi a cinya, suna yi wa juna tambayoyi har fasinjoji suka gaji da su.

Da azahar motar ta mutu a wani ƙauye, Tudun Ƙirya. Direba yana ƙarƙashinta yana zagin ƙarfe, sai ga wata tsohuwa a guje, ba ko mayafi.

"Direba, don Allah ka taimaka! Hajo ta haihu tun hantsi, jini ya ƙi tsayawa."

Ya leƙo da kai ya ce, "Ga likitoci nan cike da mota, Iya. Tun safe suke cika mana kunne. Yau a ga aiki."

Suka bi ta. Suka tarar da Hajo kwance a tabarma, leɓɓanta sun yi fari, mata sun kewaye ta suna fifita suna salati. An jiƙa zane ya fi a ƙirga, kuma kowanne an ƙudundune shi an tura ƙarƙashin gado don kada maza su gani. Mace tana mutuwa, su kunya suke ji! Mijinta yana kudu wajen sayar da albasa, wayarsa a kashe. Surukinta, Malam Ɗanbaba, ya rantse ba mai fitar da matar ɗansa daga gida sai da izinin ɗan nasa.

Kubura ba ta tsaya gaisuwa ba. Ta durƙusa ta dafa marar Hajo, ta ji mahaifa ta saki, ta shiga murzawa da ƙarfi har Hajo ta yi nishi. Ta aika aka kira mai kemis ɗin garin da allurar tsayar da jini. Ya kawo, amma ya tsaya a bakin ƙofa ya ce shi ba zai sa hannu ba, in ta mutu wa zai fitar da shi? Kubura ta san doka sarai. Ta san ba ta da lasisi, ba likitan da ya ce ta yi, kuma in Hajo ta cika a hannunta, karatunta ya ƙare ke nan har abada. Ta karɓa ta yi allurar. Jinin ya ragu, bai tsaya ba. Ba ta ɗauke hannunta daga cikin nan ba, har yatsunta suka sandare.

Lantana kuwa ta fita wajen Malam Ɗanbaba. Ta durƙusa, ta kira shi Baba, ta yi bayani, ta roƙa. Ya ce mata yarinya, mu nan ba haka muke yi ba, ya juya ya tafi masallaci. Ta koma ɗaki, ta jawo zanen da ya fi jiƙa daga ƙarƙashin gado, mata suna riƙe ta tana fizgewa. Ta jira maza suka fito daga salla, ta shimfiɗa shi a ƙasa a gabansu.

"Baba, ga abin da kake jira wa izini. Duba shi da kyau. In ɗanka ya dawo, ba izini zai tambaye ka ba, matarsa zai tambaye ka."

"Ke 'yar gidan wace ce? Wa ya haifi marar kunya irinki?"

"Wadda ta haife ni an kai ta asibiti, shi ya sa take raye."

Maza suka sunkuyar da kai. Liman ya ce, "Ku ɗauke ta. In da laifi, a wuyana." Ni ban ce ta yi ladabi ba. A gidanmu yarinyar da ta yi wa dattijo haka sai ta kwana da ciwon baki. Amma ba don zanen nan ba, da Hajo ba ta tsallake zaure ba.

Mota ta tashi, aka sa ta a ciki, Kubura tana danne da cikinta har asibitin birni. Likita ya duba ya ce sai an ƙara mata jini yanzu yanzu, kuma irin nata babu a ajiye. Aka waiwaya neman ƙannen miji biyu da suka rako ta. Ɗaya ya ce zai je ya yi alwala, ba a sake ganinsa ba. Ɗayan ya ce ga damina ta zo, in aka zuƙe masa jini wa zai yi masa huɗa? Ƙatti da su, kowanne wuya kamar turmi! Aka gwada 'yan matan, na Asabe kaɗai ya yi daidai. Ita ce ƙaramar cikinsu, siririya, tun safe ba abin da ta ci sai ruwa. Nas ɗin da ke aiki ta ce mata, "Ƙanwata, kin ce gobe kina da jarrabawa. Ki yi tunani." Asabe ta miƙa hannu kawai. Da aka ƙara wa Hajo jinin, ta buɗe ido, ta tambayi ina jaririnta.

Da safe suka shiga jarrabawa. Asabe ta yi rabi, jiri ya ɗebe ta, ta kife a gaban kwamfuta. Kafin ta farfaɗo lokaci ya ƙare. Ba wanda ya tambaye ta dalili, faɗuwa kawai aka rubuta mata, sai da ta jira zama na gaba ta sake. Kubura ta ci, amma maganar allura ta kai sama, aka riƙe lasisinta, aka kira ta gaban manya aka yi mata faɗa kamar ɓarauniya kafin a sakar mata shi. Lantana ta ci lafiya lau, sai dai sunanta ya riga ya zaga ƙauyuka: yarinyar da ta kai jinin haihuwa ƙofar masallaci.

Daga baya duk suka riƙe lasisi, suka shiga neman aiki. Takalmansu sun cinye a ofisoshi. Duk inda suka je tambaya ɗaya ce: wa ya turo ku? Ga asibitoci fal da marasa lafiya kwance a ƙasa ba mai duba su, ga masu duba su zaune a gida. Kubura ta koma suyar awara. Lantana tana tsare wa wani shagon magani. Asabe tana gida, 'yan unguwa suna kiranta likita suna dariya.

Ana haka sai ƙaramar hukuma ta gina ɗakin shan magani a Tudun Ƙirya, aka ce mutanen gari su kawo sunan nas ɗaya. Ɗaya tak. Suka aika aka kira 'yan matan nan uku, aka zaunar da su a benci ƙarƙashin darbejiya, gari ya taru.

Jami'in lafiya ya ce shi dai ba Kubura ba, wadda ta karya doka tun ba ta fara aiki ba, gobe me za ta karya? Mata suka taso masa, suka ce da dokar ce za ta danne cikin Hajo? Malam Ɗanbaba ya buga sanda ya ce in Lantana ta shigo garin nan shi zai fita. Liman ya ce garin da ake ɓoye jini a ƙarƙashin gado irinta yake bukata. Wani malamin makaranta ya ce Asabe ai sau biyu ta zauna jarrabawa, a ba mu mai kai. Mijin Hajo ya miƙe ya ce, "Jininta ne ke yawo a jikin matata, kake ce mata ba ta da kai?" Ƙannensa biyu da suka gudu daga asibiti, su ma har da bakinsu a cikin gardamar, marasa kunya.

Aka ce a kira Hajo ta zaɓa. Ta zo da ɗanta a baya, ta dubi wannan, ta dubi waccan, ta fashe da kuka.

"Ni ban san komai ba. A sume nake. Na farka na gan su uku a kaina."

'Yan matan da suka ci tukunya ɗaya suna zaune a benci ɗaya, ba mai iya kallon 'yar'uwarta. Biyu za su koma gida hannu wofi, kuma kowace ta sani.

To, ga ku nan, kun iya surutu a kan komai. Kada wanda ya ce mini a raba, gurbi ba ya rabuwa. Kada wanda ya ce mini Allah ya zaɓa, ku na tambaya. Wadda ta sa lasisinta a kan allura, ko wadda ta zubar da mutuncinta a ƙofar masallaci, ko wadda ta ba da jininta ta faɗi jarrabawa: wace ce a cikinsu za ku bai wa aikin, kuma da wane ido za ku kalli sauran biyun?